Ƙofar da Ta Manta da Mai Gida

Babana Valdomiro a tsaye yake cin abinci.
Tun ina 'yar ƙarama a ƙauyenmu na Goiás haka na san shi:
kwanon wake a hagu, butar ruwa a dama,
loma ɗaya, kurɓa uku,
sai ya miƙe wuya kamar zakara zai yi cara,
ya daki ƙirji da dunƙulen hannu,
ya ɗaga dugadugai, ya sake su ƙasa, dim,
ko girgiza za ta kai shinkafa inda aka aike ta.

Mu yara mukan ƙunshe dariya a bayan murhu.
Inna Zulmira ta harare mu,
ta ƙara wa miya ruwa.

Da dare, abin da bai wuce ba yakan dawo,
ba ɗaci, ba tsami, yadda ya shiga,
ya jiƙa matashin kai.
Shi ya sa yake barci a zaune,
jingine da buhun masara,
wandonsa kullum yana neman sabon ƙulli.

Likita a Goiânia ta ba shi farin ruwa mai kaurin alli,
ta ɗaga hoton a gaban fitila.
Ga hanyar abinci ta saki kamar tsohuwar safa,
can ƙasa ta tsuke, sak bakin tsuntsu.
Ta ce, "A nan akwai ƙofa ta tsoka.
In loma ta yi sallama, sai ta saki jiki,
in ta wuce, ta rufe.
Taka ba ta manta rufewa ba.
Jijiyar da ke ce mata buɗe, ita ce ta mutu."

Ya ce, "Wa ya kashe ta?"

Ta ce ƙwaron nan ne na tsagar bangon laka,
wanda muke kira wanzami,
mai shan jinin kunci cikin dare,
ya bar ƙazantarsa a bakin cizo.
Shekara arba'in ke nan, ko fiye.

Baba ya yi shiru.
Bangon nan uwarsa ce ta yaɓe shi da hannunta.

Ranar Talata aka tsaga ƙofar.
Mako uku yana shan romo da cokali.
Ran nan da yamma ya jawo kujera,
kujerar da muke ɗora kwandon lemo a kai,
ya zauna.
Ya gutsuri rogo. Ya tauna. Ya haɗiye.
Duk gidan muka tsaya muna sauraron ƙirjinsa.

Ta wuce.

Yanzu ƙwannafi ke hawo masa in ya kwanta,
don ƙofar da aka ɓalle ba ta hana kowa fita.
Yana cewa ya yarda da cinikin.
Amma har yau, bayan kowace loma,
hannunsa na dama yakan tafi neman buta,
ya tsaya a iska,
ya dawo.