Biyu a Gaba

An ɗauke wuta a Aboabo tun magariba.
Na jingina wayar Mma da gwangwanin madara
don haskenta ya faɗo kan littafina.
Saura kashi goma sha ɗaya a batir,
saura tambaya ɗaya ta Mista Boakye.

Da safe ya rubuta a allo: NaHCO₃,
ya ja kibiya,
ya jera abu uku a bayanta
kamar masu jiran torotoro a Kejetiya:
Na₂CO₃, H₂O, CO₂.
Ya ce wannan hodar da uwayenku ke barbaɗawa a wake ce,
in ta sha wuta sai ta watse.
Ya ce ku ƙirga hagu, ku ƙirga dama,
ba a yarda ko ƙwaya ɗaya ta yi ɓatan dabo ba.

Na san hodar.
Tana cikin leda a kan kanta, kusa da karan dafi,
Mma na ɗibar ta da yatsa uku, ba ta taɓa aunawa ba.

Na ƙirga.
Sodiyam ɗaya a hagu, biyu a dama.
Haidirojin ma haka. Kabon ma haka.
Oksijin uku ya shiga, shida ya fito.
Daga ina? Wa ya ba shi rance?

Hannuna ya kai ga ƙaramar lambar da ke ƙasa
zan kankare ta da reza,
sai na tuno shi yana buga dasta a tebur:
Hamdiya, kada ki taɓa ta ƙasan nan,
ita ce sunan yankan abin.
In kin canja ta, wani ne ya zo, ba shi ba.
A gaba ake ƙari.

Shekara biyu ke nan da wuta ta taɓa gidanmu,
ba wutar murhu ba.
Aka kai Baba Tafo ranar Talata,
kafin arba'in mun zama abu uku.
Sakina ta gangara Ankara kamar ruwa,
tana ɗinki a Nima, tana turo sidi hamsin in wata ya yi kyau.
Labaran ya tashi sama babu sallama,
muryarsa ta ƙarshe daga Agadas ta zo, iska na kaɗa ta.
Ni da Mma muka saura a gindin tukunya,
fari fat, ba mu ƙone ba, ba mu tafi ba.

Na sha yin wannan lissafin a kan tabarma.
Nakan sa Baba shi kaɗai a hagu,
in ga taurin kan Labaran ya fi nasa,
haƙurin Sakina ya ninka nasa,
in rasa inda rarar ta fito.

A tsakar gida Mma na tsince wake a duhu,
yatsunta sun san tsakuwa ba sai da fitila ba.
Na daɗe ina kallon ta.

Na ɗauki biro na sa 2 a gaba.
Sodiyam biyu, biyu.
Haidirojin ya zauna, kabon ya zauna,
oksijin shida ya dubi shida.
Lamba ɗaya tak, duk rigimar ta kwanta.

Mista Boakye ya ce iskar da ta fita ma tana da nauyi,
in da za a toshe bakin kwalba
sikeli ba zai motsa ba.
Ban tambaye shi da me ake toshe hamada ba.

Wayar ta yi ƙara ta mutu.
Mma ta ce in na gama da boko
in zo in ɗauraye babbar tukunya,
ƙarfe huɗu za ta hura wuta.