Mai Kiwon Teku a Damagaram

Ban taɓa ganin teku ba.
Iyakar tafiyata Miriya, ranar kasuwa.
Amma teku ya san ni,
ya san ni har tsakanin yatsu.

Alhaji Zabeiru ya ɗauko shi daga Kwatano
a bayan tirela, naɗe cikin katifu,
akwatin gilashi, tsawon gadon yaro.
Ya girke shi a zauren otel ɗinsa na Sabon Gari,
ya ce, Tsahiru, ga amana.
Kifi bakwai.
Ɗaya ruwan ɗorawa, biyu masu zanen fari da ja,
ɗaya shuɗi mai fushi, ba ya shiri da kowa.
Sauran ban kula da su ba sai da ɗaya ya mutu.

Gishirinsu ma baƙo ne, a buhu yake zuwa da rubutu.
Na ce, Alhaji, ga kantun Bilma a kasuwar Dole, araha.
Ya ce ranar da na gwada, in nemi wani aikin.

A garin da famfo ke kwana huɗu bai yi ko tari ba,
ni ke tare mai garuwa, jarka shida,
in tace, in auna, in dama,
in zuba wa waɗanda ba su san ƙishirwa ba.

Kowace Asabar, hannu a ruwa har gwiwa,
ina kankare gansakuka,
ina juya duwatsun nan masu kaushi da aka ce wai suna da rai.
Watan fari, ƙaiƙayi kawai.
Na biyu, ƙuraje kamar an watsa gero a bayan hannu.
Yanzu gaɓoɓin sun tsattsage
irin ƙasan tabki in ruwa ya janye.

Alwala sai na cije leɓe.
Tuwo da miyar yaji sai da cokali,
ni da na girma ina yi wa masu cokali dariya.
A ƙofar masallaci in an miƙo hannu
sai in ba da kan yatsu, in janye da wuri,
har Malam Ɗan'azumi ya tambaye ni ko gaba muke.

Barira ta shafa man kaɗe, ta ɗaure da tsumma.
Inna ta ce lalle.
Yaron farmasi ya ce safar roba.
Na saya, dala ɗari biyu.
Dutse ya huda ta tun ranar,
ruwan ya shiga ya wuni a ciki.

Daren Talata kuran ya ɗauke, inji ya ƙi tashi.
Kumfa ta tsaya.
Kifayen suka hau sama suna hamma.
Na ɗauki moɗa, ɗebo, zubo, ɗebo, zubo,
har kiran assalatu,
hannu na ci kamar an daka barkono a kai.
Shuɗin nan ya zo ya taɓa tsagar yatsana da baki,
sau biyu.
Ban san ko gaisuwa ce ba, ko ɗanɗana ni yake.

Babana majemi ne a Birni.
Toka da bagaruwa suka cinye masa hannu,
in ya shafa kaina ina yaro, sai in ji kamar bawon kuka.
Na rantse ba zan gaje shi ba.
Na yi lakkwal har aji shida
don in sami aikin inuwa, mai fanka, mai farar riga.
Jiya na ɗaga hannu a hasken akwatin
sai na ga nasa.
Shi fatar akuya yake jima.
Ni tawa ake jima, kuma ban san wa zai saya ba.

Da safe baƙi suka tsaya ɗaukar hoto.
Wata ta ce, kai, amma ruwan nan garau!
Na ce, Alhamdu lillahi,
hannuwana a aljihu.