Rigar Aro

Ni na gina wa ƙungiyar manoman riɗi shafi,
a shagona na cajin waya, bayan tashar Gagarawa,
janareta na tari, ina lallashinsa da rabin lita.
Ƙashin shafin aikina ne. Rigar kuwa aro ce,
kyauta na tsince ta a intanet,
koriya shar, da aiki a wuya kamar ɗinkin sallah.
Shugaba Tasi'u ya leƙa ya ce, "Kai Sagiru,
yanzu ko mutanen Ikko sa ga buhunanmu."

Ban juya ta na duba ciki ba.
Kakata ta sha faɗa, zanen aro ba ya rufe katara,
na ɗauka maganar mata ce da zannuwansu.

Ashe cikin rigar akwai ɗan aike,
layi uku na rubutu, ba ya barci, ba ya musu.
Ka ce masa farashi, ya ɗauko fayil ɗin farashi.
Ka ce hotuna, ya kawo hotuna.
Wanda ya haife shi bai koya masa tambaya ba:
wa ya aiko ka, kuma ina ne iyakata?

Daren wata Laraba, riɗi na tsaye a bukka yana bushewa,
wani da ban san garinsu ba ya yi sallama a zaure.
Bai ɓalle ƙyaure ba, bai haura katanga ba.
Rubutu kawai ya yi a gurbin adireshi:
ɗigo biyu, sanda a karkace,
ɗigo biyu, sanda a karkace,
kowace sanda taku ɗaya ce zuwa ciki,
daga zaure zuwa shigifa, daga shigifa zuwa tsakar gida,
har ƙuryar ɗaki inda na ɓoye kalmar sirri
kamar makulli a ƙarƙashin tabarma.
Yaron ya durƙusa ya miƙa masa da hannu biyu.
Ladabi ne ya ci mu.

Sunaye ɗari da sha bakwai,
da lambar kowa, da buhu nawa ya auna.

Ranar Asabar aka kira Iya Barira.
Muryar ta san sunanta, ta san buhunta huɗu ne,
ta ce daga ƙungiya, ragowar kuɗinki ya fito,
karanto mini lambar da banki ya turo.
Jikanta ya karanta, a tsanake, don kar ya yi kuskure.
Kuɗin tinkiya biyu da na taki suka bi iska.

Da ta zo shago na shirya wa zagi.
Sai ta ajiye wayar a benci, mai ɗaure da kyauro,
ta ce, "Caja mini, ɗan nan."
Gara mari.

Kwana uku ban kwanta ba.
Na tuɓe wa shafin rigar, na sake makullai duka,
na zaunar da ɗan aiken na rubuta masa sunaye biyar:
waɗannan za ka ɗauko, sauran ka ce babu,
ko da muryar ubanka aka tambaya.
Yanzu shafin fari ne fat, ba ado,
Tasi'u ya ce kamar ya yi jinya.

Akwai gwangwanin madara a bayan batura.
Duk waya goma da na caja, kuɗin uku na Iya ne.
Jiya na ƙirga.
Na kai ƙafar tinkiya ɗaya.