Saiwar Bayan Rafi

Anxo ya ce, "Kar farkon hanya ya ruɗe ki."
Na yi dariya, na ɗaure takalmi da asuba
a bayan kasuwar kifi ta Muxía.
Jiragen masunta na komowa, ni ina fita.

Yashi ya fara karɓar harajinsa,
taku biyu gaba, ɗaya ya zame.
Teku a hagu tana dukan dutse
kamar mai tsohon fushi.
Can ƙasa, Sabela da igiya a ƙugu
tana ɓamɓarar abincin ruwa tsakanin raƙumi da raƙumi.
Ba ta ɗago ba. Nata gudun ya fi nawa.

Sai daji ya haɗiye ni.
Ƙamshin itacen turare, laka har idon sawu.
Wata saiwa ta sa mini ƙafa, na sha ƙasa.
Na zauna ina kallon jinin gwiwata
kamar na wani ne.
Babu mai tafi a nan, sai haki
da ɗigon ruwa daga ganye.

Hawan ƙarshe kuwa, sai wanda ya gani.
Na rarrafa, na damƙi ciyawa, na zagi Anxo,
na roƙi cinyoyina arziki.
A saman tudu iska ta mare ni:
ga hasumiyar fitila, ga rufin gidanmu ɗan mitsitsi.

Na gangaro da ɗingishi inda na fara.
Anxo na ɗinkin koma, bai tambayi lokaci ba.
Ya dubi gwiwar. "Ta bayan rafi ce?"
Ya naɗe wando, ya nuna mini nasa tabon.