Huda ta Bakwai

Ƙusa ce, 'yar inci biyu, mai lanƙwasasshen kai,
ta jira ni a kwanar Gawon Nama
kamar mai bin bashi da ya san hanyata.
Babur ya yi tsaki, ya shiga rawar gurgu,
na sauko ina tura shi da ƙirji,
rana na dafa kwalta, kwalta na dafa tafin ƙafata.

Arzika mai faci na ƙarƙashin dogon yaro
da bahon baƙin ruwansa wanda ba ya ƙarya.
Ya zare tif kamar mahauci na zare hanji,
ya hura, ya nutsa, muka sunkuya mu biyu
muna jiran ruwa ya yanke hukunci.
Kumfa ta taso, ɗaya bin ɗaya,
kamar carbi ya tsinke a gindin rijiya.

Ya bi su da babban yatsa yana ƙirga:
"Wanga nawa na.
Wanga ma ni nil liƙa shi, kana sauri za ka Achida.
Wanga ba hannuna ba na, aikin ganin ido na.
Shida ke nan. Ga ta bakwai,
ta zo ta zamna bisa kahwaɗar ta huɗu."

Na ce, liƙa.
Kuɗin faci yana aljihuna, har da canjin ruwan sanyi.
Sabuwa kuwa, taya da tif, a shagunan Sahara,
cefanen mako biyu ne za a naɗe mini a leda,
ga wata bai ko kai tsakiya ba.

Bai tanka ba. Ya jawo tayar kanta,
ya shafa bayanta, sumul kamar tafin jinjiri.
Zanen da ta zo duniya da shi
hanyar Wamakko ta lashe tun bara.
Ya matsa haƙarƙarinta, zare ya leƙo
fari, kamar furfurar da aka ɓoye a hula.

"Da tana da nama, malam, da ni liƙe,
ka hau abinka, in ci tuwona.
Wagga ta gaji.
Wa kaka ɗauka bisa?"

Na buɗe baki in ce ni kaɗai,
sai ga Luba a kan tanki da safe,
hannu biyu riƙe da wuyan madubi,
tana karanta mini allunan shaguna da ƙarfi
tun daga Mabera har ƙofar makaranta.

Ni mutumin faci ne, ban ɓoye ba.
Kwanon ɗakina ya sha kwalta sau uku,
wandon nan an juya masa gwiwa,
har tsakanina da yayana Nomau
liƙi ne a kan liƙi, kuma muna gaisawa.
Ban taɓa jin kunyar gyara ba.
Sai yau, a bakin baho, na gane
faci ma yana neman lafiyayyen wuri ya kama.

Ya kankare, ya shafa gam, ya hura masa baki,
ya ɗora a wuta, ya danne, ya jira.
Na miƙa kuɗi, ya maido rabi.
"Wanga na kai ka Sahara na, ba na kai ka gida ba.
Sannu-sannu. Kak ka ɗauki kowa,
ko limamin unguwarku yat tsai da kai.
In ka canza, maido man tsohon tif,
akwai mai ɗunkin guga da ka saye."

Na hau. Mai keke ya wuce ni,
mai kurar ruwa ya kusa.
Ina tafe ina raba mako biyu gida-gida:
a cire nama, a rage mai, a ba mai shago haƙuri,
wataƙila a kira Nomau.
Kowane rami sai na ji shi a haƙarƙarina.

A shataletale hanya ta rabu.
Ɗaya ta san ƙofar gidana,
ɗaya tana warin sabuwar roba.
Mai mota a bayana ya danna oda,
ya sake dannawa.
Na share zufa da gefen hula,
na kunna sigina wajen Sahara.