Bashin Ƙwaryar Tumba

Shekara ashirin da bakwai ke nan
rabon Gwankin Mabera da kofi.
Ni na ƙidaya su, ba labari anka ba ni ba,
don ran da munka ɗauko na ƙarshe
ni anka ɗora bisa wuya, ina ɗan shekara shida,
ina rungume da marfinsa awa an ba ni wata.

Ran nan ne, in ji manya,
Bagudu mai tsaron gida, murna ta ɗebe shi,
ya narka ƙwallo sama don Allah ya gani.
Ta sauko tsakiyar ƙwaryar Tumba mai hura
a bakin hilin Giginya.
Ƙwarya ta rabe biyu, rairayi ya sha nono.
Ta ce a biya ta. Anka yi dariya.
Ta soke ludayi a gefen zane, ta duba kofin, ta ce:
"Ku sha da kyau, yara. Wanga shi ne na ƙarshe."

Tun daga nan ƙarfen raga ya san sunanmu.
Sau huɗu muna kai wasan ƙarshe,
sau huɗu muna komowa gida a ƙasa,
babur na tura mu maimakon mu tura shi.

Me ba mu yi ba?
Modi tela bai sake wanke hularsa ba,
har matarsa ta hana ta kwana ɗaki.
Mun bar cin ƙwai ranar wasa, don ƙwai sifili ne.
Mun bar riga kore, mun koma rawaya,
da rawaya ta ci amanarmu munka komo kore da kunya.
Ɗan'ige na sa safa a baibai,
shina shiga hili da ƙafar dama, baki na motsi.
Wani dare munka bizne gishiri ƙarƙashin raga,
da safe awaki sunka tone shi, sunka lashe.

Liman Hantsi ya tare mu bayan la'asar:
"Camfi ne. Tumba ba ta riƙe da rabon kowa.
Ku ne ba ku gudu, kun cika tuwo."
Munka ce gaskiya ne, Malam.
Shi ma dai, in ana bugun fanareti,
baya yake juya wa rediyo.

Bara Bagudu ya kwanta ciwo.
Ya kira ni, ya damƙa min kuɗi a ƙullin leda:
"Tahi ka biya ta. Hannuna ya gaji da wagga ƙwarya."

Na sayi sabuwa a kasuwa, mai zane, wadda ta fi waccan.
Na bi hanyar Kware ina tambaya ruga ruga.
Tumba ta rasu, an yi damina tara.
Jikanyarta Hajo na tarar tana dama.
Na kwance mata labarin tun daga tushe,
ta saurara, ludayi bai tsaya ba.
Ta ce ita ba ta taɓa ji ba.
Kakarta dai ta sha faɗin wasu samari marasa kunya,
amma kullum da dariya take ƙarewa.

"To, kofin ne kuka rasa har yau?"
Ta shiga bukka, ta fito da wani na roba, shuɗi,
ta cika shi da hura, ta miƙo min.
Na sha, hannuna na rawa.
Kuɗin ta ƙirga, ta ce ai nono ya yi tsada tun lokacin.
Na cika mata daga aljihuna.

Asabar wagga muna da wasan ƙarshe.
Bagudu ba shi nan, mun kai shi tun watan Sha'aban.
Ni yanzu ban yarda da komai ba,
na san ƙafa ke ci, sai abin da Allah ya yi.
Kofin Hajo dai shina cikin jakar 'yan wasa, ƙasan safa,
kuma na ce wa mai shayi
ya riƙe ƙwansa sai Lahadi.