Awon Kai

A Mai Wurno, bakin kogin Nilu,
kakana Tanko yake ɗinkin hula.
Zare ɗaya gare shi, fari ne amma ya yi baƙi don riƙo.
Sai ya zagaya kanka da shi, ya ƙulla,
ya ce ka dawo ran Laraba.

Wata shekara, bayan tsinkar auduga,
wani Bature ya sauka daga jirgin ƙasa a Sinnar
da akwati, da tafinta, da ƙarfe mai baki biyu
kamar awartakin da bai taɓa shiga wuta ba.
Aka jera maza a gindin gawo.
Ya auna tsawon kai, ya auna faɗinsa,
karan hanci, kaurin leɓe, tazarar ido da ido.
Ya kara wani allo mai launuka a damtsen kakana
yana laluben wanne ne nasa.
Bai tambayi suna ba.
Aka rubuta: arba'in da bakwai.

Kakana ya ce, "Hula zai ɗinka mini?"
Tafinta ya ce a'a,
so yake ya gano ƙoƙon da ya fi cin hankali,
da irin da ya cancanci ya yaɗu,
da wanda aka halitta don fartanya.

Kakana ya yi shiru.
Can ya zaro zarensa daga aljihu,
ya ce baƙo ba ya tafiya hannu biyu,
a ce masa ya ɗan sunkuyo.
Bature ya sunkuyo yana dariya.
Kansa da gumi, in ji kakana, kamar na kowa.

Da ya koma rumfa ya gwada ƙullin,
sai ga shi daidai da na Jibo mai jakin ruwa,
wanda yara ke cuta wajen canji,
kuma daidai da na limamin Juma'a.
Ran Laraba hula ta kammala,
mai ita ya riga ya wuce Khartum.
Jibo ne ya sa ta har ta yage.

Shekara sittin bayan nan
na sami littafin a ɗakin karatu,
takardunsa sun yi ja kamar shayin da ya kwana.
Na bi layi da yatsa har arba'in da bakwai.
Ga kakana: lamba shida da ɗigo-ɗigo,
a ƙasa an yanke masa hukunci,
wai ƙarfi ga aiki, nauyi ga tunani.
Mutumin da ya tako daga Haɗeja da ƙafa,
yana riƙe da sunan kowace rijiya a hanya,
izu sittin a ka, harshe uku a baki,
babu gurbin wannan a jadawalin.

Sun ce ƙarfen ya yi tsatsa,
masana na baya sun tone ƙaryar na gaba.
Na yarda.
Amma a ofishin katin ɗan ƙasa
ma'aikaci ya duba hancina kafin takarduna,
ya ce, "Asali fa? Kafin nan, daga ina?"
Bai riƙe awartaki ba, ido ya ishe shi.

Mu ma ba mu fita ba.
Ran da aka haifi ɗana Sabi'u,
gwaggona ta lanƙwasa kunnensa tana leƙe,
wai a nan ake gane ko yaro zai yi duhu.
Na ga hannunta, na tuna gindin gawo,
na kasa ce mata komai.

Zaren yana wurina, cikin gwangwanin alewa.
Jiya na zagaya kan Sabi'u da shi
yana ta mutsu-mutsu, yana so ya kama.
Na ƙulla, na ɗaga, na duba da kyau.
Abin da ya gaya mini kaɗai
shi ne yawan ƙyallen da zan yanka.